Yadda Baƙo Zai Biya Kuɗin Hanya a Dubai da Abu Dhabi: Salik da Darb Mataki-Mataki

Masu karatu sun yi ta turo tambaya ɗaya, kowa da irin lafazinsa. Wani ya yi hayar mota a Dubai, ya dawo Kano, bayan sati biyu sai ga kamfanin ya zare masa kuɗi daga kati wai na Salik, wato tsarin kuɗin hanya na Dubai, alhali shi bai ga tolget ko ɗaya a hanya ba. Wani kuma mazaunin Saudiyya ne, yana so ya shiga Daular Larabawa da motarsa, yana tambayar inda ake tsayawa a biya.

Amsar a taƙaice ita ce babu inda ake tsayawa. Babu rumfa, babu sandar tare hanya, babu ma'aikacin da zai miƙo maka hannu. Wani ƙarfe ne aka gicciya a saman titi, shi ake kira ƙofa, za ka wuce ta ƙarƙashinsa da gudunka, na'ura ta karanta motar ta cire kuɗi daga wani asusu. Idan asusun da kuɗi, shi ke nan. Idan babu, ko kuma motar ba ta da asusu gaba ɗaya, ba wanda zai ce maka uffan a lokacin. Bashin zai kwanta a kan motar yana jiran ka, yana kuma haihuwar tara. Saboda haka duk aikin da ke gabanka bai wuce ka san asusun wa ake cirewa ba tun kafin ka murza makulli.

Farashin da ke nan na shekarar 2025 ne. Dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka, dala ɗaya tana kan dirhami 3.67, don haka ka yi lissafinka ta dala, sannan ka juya zuwa naira ko sefa a farashin ranar.

1. Fara da sanin wace irin mota za ka tuƙa

Hanya uku ce, kuma kowace da nata aikin.

Idan motar haya ce daga kamfani, sitikar Salik, wadda na'ura ke karantawa, tana jikinta, asusun na kamfanin ne. Ba ka da abin saye, ba ka da rajistar da za ka yi. Naka shi ne mataki na 3, sannan na 6 zuwa ƙarshe.

Idan motar ɗan'uwa ce ko ta abokin kasuwanci mazaunin ƙasar, asusun nasa ne, kuma duk ƙofar da ka wuce daga aljihunsa ake cirewa. Ka tambaye shi nawa ya rage a ciki, ka zuba masa wani abu tun kafin ya buɗe baki. Mutane da yawa kunya ba za ta bari su faɗa maka ba, sai dai su ga saƙo yana ta shigowa wayarsu.

Idan kuwa motarka ce mai lambar wata ƙasa, misali ka taso daga Riyad ko Dammam ka shigo ta iyakar Batha zuwa Ghuwaifat, to kai ne mai babban aiki: mataki na 4 da na 5 naka ne.

Gargaɗi: Salik na Dubai ne kawai. Abu Dhabi tana da nata tsarin daban mai suna Darb, da asusunsa daban. Kuɗin da ke ɗaya ba ya biyan ɗayan.

2. Abin da za ka tanada tun daga gida

Lasin tuƙinka na gida, da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Na biyun a ƙasarka ake yin sa, ba a Dubai ba, kuma ba ya aiki shi kaɗai sai an haɗa shi da na asali. Sai fasfo mai ɗauke da shaidar shigarka ƙasar.

Sai kati. Nan ne mutanenmu suka fi shan wahala. Kamfanonin haya sun fi son katin kiredit, saboda a kansa suke riƙe kuɗin jingina. Wasu suna karɓar katin cire kuɗi na yau da kullum ko tsabar kuɗi, amma sai su ɗaga jinginar. Idan katin naira za ka yi amfani da shi, ka je bankinka ka tambayi iyakar abin da aka yarje maka ka kashe a waje, domin jingina kaɗai tana iya cinye iyakar, ka rasa abin biyan otal. Mai asusun dala ya fi samun sauƙi.

Sai layin waya na can. Ana sayar da layin baƙi tun a filin jirgi, na du ko na Etisalat. Salik da saƙon tes yake magana da mutum: lambar asusu, lambar sirri, sanarwar kuɗi ya kusa ƙarewa, duk ta nan suke zuwa. Wanda ya shigo da motarsa kada ya yi wasa da wannan.

Ka kuma sauke manhajar Salik da ta Darb, da Google Maps ko Waze.

3. A gaban teburin kamfanin haya

Kada gajiyar jirgi ta sa ka rattaba hannu a guje. Minti goma a nan su ne za su hana ka ciwon kai na wata guda. Ga abin da za ka tambaya, kuma ka nemi a nuna maka amsar a rubuce cikin yarjejeniyar, ba da fatar baki ba.

Na farko, nawa suke caji a kan kowace wucewa? Kuɗin hukuma dirhami 4 ne ko 6, gwargwadon lokaci. Amma kamfanoni da yawa suna ɗora nasu ladan a kai, dirhami ɗaya ko fiye a kowace ƙofa, sannan su ƙara harajin kashi 5 cikin ɗari. Wannan ba sata ba ce muddin yana cikin takarda. Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne a ce maka "za mu lissafa daga baya" ba tare da an faɗi adadi ba.

Na biyu, shin motar tana da rajistar Darb? Ko ba ka da niyyar zuwa Abu Dhabi, ka tambaya. Niyya tana canzawa, musamman idan iyali suka ce sai sun ga Masallacin Sheikh Zayed.

Na uku, nawa ne jingina, kuma yaushe za a sake ta? Kamfani yana riƙe ta ne saboda kuɗin hanya da tarar gudu ba sa bayyana nan take. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta Dubai ta umarci kamfanonin haya su mayar da jingina cikin kwana 30 bayan an dawo da mota. Idan aka ce maka wata biyu, ka nemi wani kamfanin.

Na huɗu, idan tara ta shigo, nawa ne ladansu na biya a madadinka? Shi ma akwai shi, kuma ya fi na Salik nauyi.

Bayan an ba ka makulli, kafin ka tayar da mota, ka leƙa gilashin gaba ta ciki, bayan madubin tsakiya. Za ka ga wata 'yar sitika a manne. Ka ɗauke ta hoto, ka ɗauki lambar motar, ka ɗauki agogon mota yana nuna lokaci da kilomita. Idan babu sitikar, ko ta ɓantare tana lilo, ka koma ciki ka faɗa musu a lokacin.

Gargaɗi: kada ka sayi sitikar Salik ka manna a motar haya, wai don ka tsere wa ladan kamfani. Motar tana da asusunta, kuma sitika biyu a gilashi ɗaya rikici kawai za su jawo maka. Haka kuma kada ka ɓamɓare tasu ko ka rufe ta da wani abu. Kyamara tana ɗaukar lambar mota ko da sitika ko babu, kuma tarar yi wa na'urar zagon ƙasa dirhami 10,000 ce.

Ka tabbata an rubuta ainihin ranar da lokacin da ka karɓi motar. Wanda ya mayar da ita da safe kafin kai ma ya bi ƙofofi, kuma lokacin da ke takarda ne kaɗai zai raba nasa da naka.

4. Sayen sitika, ga mai motarsa

Da zarar ka shigo ƙasar, kafin ka isa Dubai, ka tsaya a gidan mai. Ana sayar da sitikar Salik a gidajen man ENOC, EPPCO, Emarat da ADNOC, a shagon ciki, ba wurin masu zuba mai ba. Kuɗinta dirhami 100: hamsin na sitikar, hamsin kuma za su shiga asusunka a matsayin kuɗin farko. Ana iya yin odarta ta intanet a kan dirhami 120 a kawo maka, amma wannan na mai adireshi ne da lokacin jira, ba na baƙon da ke kan hanya ba.

Ba kowane reshe ne ke da ita a kowane lokaci ba. Idan na farko ya ce ta ƙare, ka gwada na gaba, kada ka ce bari sai ka shiga gari. Mai tahowa daga ɓangaren Abu Dhabi a kan babban titin E11 zai ci karo da ƙofar Jebel Ali tun kafin ya ga dogayen benayen Dubai.

A jikin kunshin akwai lambobi biyu: lambar sitika da lambar kunnawa. Ka ɗauke su hoto kafin ka manna, domin da zarar ta hau gilashi karanta su sai da wuyan raƙumi. Ka adana rasit.

Wajen mannawa, ka goge gilashin ta ciki ya bushe sarai, babu ƙura, babu danshi. Wurinta tsakiyar gilashi ne ta sama, kamar santimita ɗaya ƙasa da gindin madubi. Ka ɓare takardar bayanta, ka ɗora sau ɗaya, ka danne da yatsa daga tsakiya zuwa gefe.

Gargaɗi: sau ɗaya ake manna ta. Idan ka ga ta ɗan karkace, ka bar ta a karkace. Akwai siririyar waya a cikinta da ke tsinkewa idan aka ɗaga, kuma ta tsinke sai sabuwa. Don haka ne ma ba a cire ta daga wata mota a kai wata. Wanda ya ce zai ara maka tasa, ka yi masa godiya kawai.

Motocin da gilashinsu ke da rufin ƙarfe na kare zafi, ko aka liƙa musu baƙar leda mai ƙarfe a gaba, suna iya hana na'ura karantawa. Irin waɗannan gilasan sukan bar wani ɗan fili mai ɗige-ɗige baƙi kusa da madubi. Nan za ka manna.

5. Kunna asusu

Sitikar da aka manna ba a kunna ba, ado ce kawai. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: mutum ya biya ɗarinsa, ya manna, ya ɗauka ya gama.

Ka buɗe manhajar Salik ko shafinsu na intanet, ka zaɓi wurin kunna sitika. Za a nemi lambar sitika, lambar kunnawa, lambar waya, da bayanan motar kamar yadda suke a takardunta: ƙasar da aka yi mata rajista, lambar, da harufan da ke jikinta. Mazauna Daular ana tambayar su lambar fayil ɗinsu na hukumar zirga-zirga. Kai mai lambar waje sai ka zaɓi ƙasarka a jerin. Idan abin ya cije, ka kira 800 72545, layinsu ne na kyauta, suna magana da Larabci da Turanci.

Ka natsu wajen shigar da lambar mota. Lambar Saudiyya tana da harufa da alƙaluma a rubutun Larabci da na boko, kuma harafi ɗaya da aka juya ya isa ya sa na'ura ta ɗauki motarka a matsayin marar rajista. Ka duba sau biyu kafin ka aika.

Idan komai ya yi daidai, saƙo zai shigo da lambar asusu da lambar sirri. Ka rubuta su a wani wuri ban da wayar.

Idan ka riga ka wuce ƙofa kafin ka yi wannan, kada hankalinka ya tashi. Akwai wa'adin kwanakin aiki 10 daga wucewar farko. Ka yi rajista cikinsu, a cire kuɗin wucewar daga asusunka, magana ta ƙare. Bayan wa'adin ne tara ke fara aiki: dirhami 100 a karon farko, 200 a na biyu, 400 a kowane karo bayan nan, sau ɗaya a rana. Wanda ya yi kwana huɗu yana yawo haka ya tara 1,100, a kan sitikar dirhami 100.

6. Farashi yana bin agogo

Shekaru da yawa kuɗin Salik dirhami 4 ne a kowane lokaci, shi ya sa tsofaffin 'yan Dubai za su ce maka huɗu ne. Daga 31 ga Janairun 2025 abin ya canza.

Daga Litinin zuwa Asabar, ƙarfe 6 zuwa 10 na safe da ƙarfe 4 na yamma zuwa 8 na dare, dirhami 6 ne. Daga 10 na safe zuwa 4 na yamma, da kuma 8 na dare zuwa 1, dirhami 4. Daga ƙarfe 1 na dare zuwa 6 na safe kyauta ne. Ranar Lahadi dirhami 4 ne duk yini, ban da waɗancan awannin na kyauta.

A lura, Juma'a ba ranar rangwame ba ce. Tun 2022 Dubai ta mayar da hutun mako Asabar da Lahadi, don haka safiyar Juma'a da yammacinta dirhami 6 ne kamar Talata. Wannan canjin ya shafi lissafin kwanakin aiki na wa'adi ma.

Da azumi jadawalin yana sauyawa: dirhami 6 daga 9 na safe zuwa 5 na yamma, dirhami 4 daga 7 zuwa 9 na safe da kuma 5 na yamma zuwa 2 na dare, kyauta daga 2 zuwa 7 na safe.

Gargaɗi: babu iyakar abin da za a cire maka a rana. Ka wuce ƙofa sau goma, ka biya sau goma. Zuwa da dawowa kuma kowanne da kuɗinsa.

Ka tabbata wayarka ta koma agogon can. Dubai tana gaban Najeriya da Nijar da awa uku.

7. Sanin ƙofofin, da lokacin da kaucewa ke da riba

Ƙofofin goma ne. A kan titin Sheikh Zayed, wanda shi ne kashin bayan gari, akwai huɗu: Al Safa ta Arewa, Al Safa ta Kudu, Al Barsha da Jebel Ali. A kan mashigin ruwan da ya raba unguwar Deira da sauran gari akwai gadar Al Maktoum, gadar Al Garhoud da gadar Business Bay. A hanyar Sharjah, kan titin Al Ittihad, akwai Al Mamzar ta Arewa da ta Kudu. Ta goma ita ce ta ramin da ya bi ta ƙarƙashin filin jirgi.

Akwai sauƙi guda biyu. Idan ka bi Al Mamzar duka biyun cikin awa ɗaya kana fuskantar ɓangare ɗaya, sau ɗaya za a cire. Haka ma Al Safa biyun. Amma idan ka tsaya cin abinci a tsakani awa ta wuce, ko ka juyo, sabon lissafi ne.

Ga yadda yake a aikace. Yawancin 'yan kasuwarmu a Deira suke sauka, wajen Naif da Sabkha da Baniyas. Wanda ya tashi daga nan ƙarfe 8 na safe zai je Jebel Ali ta titin Sheikh Zayed, zai biya a gada, ya biya a Al Safa, ya biya a Al Barsha, ya biya a Jebel Ali: dirhami 24. Ya dawo da la'asar, wasu 24. Kwana biyar a haka dirhami 240 ne, kafin kamfani ya ɗora nasa. Da ya jinkirta fita zuwa bayan ƙarfe 10, zuwan zai koma 16, kuma gosulo ya ragu.

Hanyoyin da ba a biya suna nan. Titin Sheikh Mohammed bin Zayed, wato E311, da titin Emirates, wato E611, sun zagaye gari ta baya tun daga Sharjah har ɓangaren Abu Dhabi babu ƙofar Salik ko ɗaya. Titin Al Khail kyauta ne in ban da gadar Business Bay. Daga Deira zuwa Bur Dubai ana iya bin gadar Infinity ta Shindagha ba a biya ko sisi ba.

A Google Maps da Waze akwai wurin da ake zaɓar kauce wa hanyoyin biya. Ka kunna ka kwatanta hanyoyin biyu kafin ka tashi. Ra'ayina shi ne kada baƙo ya mayar da kaucewa al'ada. Ga mai zuwa kasuwar motoci ta Al Aweer, ko Dragon Mart, ko wurin masu kayan gyara a Sharjah, E311 ce ma hanyar da ta dace. Amma a tsakiyar gari, zagayen da zai cece ka daga dirhami 4 yakan ci mai da minti ashirin, ya kuma jefa ka cikin mahaɗun da ba ka sani ba, inda kuskuren layi ɗaya zai iya jawo tarar da ta ninka kuɗin Salik na sati. Titunan Dubai ba sa yafe wa wanda ya tuna da kwanarsa a makare.

Gargaɗi: allon da ke nuna akwai ƙofa a gaba yana zuwa ne kafin mafita ta ƙarshe. Idan ka wuce mafitar, ka ci gaba abinka ka biya. Kada ka taka burki a ƙarƙashin ƙofa, kada ka rage gudu. Na'urar tana karantawa a gudun titi, motocin bayanka kuma ba sa tsammanin tsayuwa.

Ko tasi ka shiga, kuɗin ƙofa yana hawa kan mita. Ba direba ne ya cuce ka ba.

8. Zuba kuɗi da duba abin da ya rage

Asusun Salik kamar katin waya yake: sai ka zuba kake ci. Ana zubawa ta manhaja ko shafin intanet da katin banki, mafi ƙaranci dirhami 50. Wanda katinsa ya ƙi aiki ya je gidan mai ya sayi lambar caji da tsabar kuɗi, ya shigar a manhaja. Ga mai aron motar ɗan'uwa, shafin yana ba da damar zuba kuɗi da lambar motar da lambar wayar mai ita, ba sai ya ba ka lambar sirrinsa ba.

Idan ka wuce ƙofa asusu babu kuɗi, kana da kwanakin aiki 5 ka zuba. Ka wuce su, tarar dirhami 50 ce, sau ɗaya a kowace ranar da aka yi laifin.

Kada ka cika asusun fiye da buƙata ana gobe tafiya, don abin da ya rage ba a mayar da shi a hannu. Ka ƙiyasta kwanakinka, ka ɗan ƙara kaɗan.

Wani abin da ke cin asusu ba a lura ba: tun Yulin 2024 ajiye mota a Dubai Mall ta asusun Salik ake biya. Babu tikiti, babu sanda, kyamara ce ke karanta lamba. Awa huɗun farko kyauta ne a ranakun aiki, shida a ƙarshen mako. Wanda ya rako iyali sayayya ya san awa huɗu ba komai ba ce. A motar haya wannan ma zai fito cikin lissafin kamfani.

9. Idan za ka shiga Abu Dhabi

Darb ya fara aiki a Janairun 2021 a kan gadoji huɗu da ke shiga tsibirin Abu Dhabi: gadar Sheikh Zayed, gadar Sheikh Khalifa, gadar Al Maqta da gadar Mussafah. Shi babu sitika, lambar mota kawai kyamara ke karantawa.

Kuɗin waɗannan gadojin dirhami 4 ne, kuma a lokacin cunkoso kawai ake cirewa: ƙarfe 7 zuwa 9 na safe, da ƙarfe 3 zuwa 7 na yamma, Litinin zuwa Asabar. Lokacin yamman a da daga ƙarfe 5 yake farawa, a Satumbar 2025 aka dawo da shi 3, aka kuma cire iyakar da ake da ita ta rana da ta wata. Lahadi da ranakun hutun gwamnati kyauta ne.

Wanda ya yi hayar mota ba shi da aiki in dai ya samu amsar da ya nema a mataki na 3. Mai aron mota ya tambayi mai ita ko ya yi rajistar Darb, domin mazauna Dubai da yawa ba su yi ba tunda ba sa zuwa. Rajistar ta manhajar Darb ake yi, dirhami 100, hamsin daga ciki su koma asusu. Tarar rashin rajista irin ta Salik ce, 100, 200, 400, bayan wa'adin kwanakin aiki 10. Motar da ba a Abu Dhabi aka yi mata lamba ba dole asusunta ya kasance da kuɗi.

Masallacin Sheikh Zayed yana cikin tsibirin, daf da gadojin, don haka mai ziyara sai ya haye. Ka isa da hantsi, ka fito kafin ƙarfe 3 ko bayan 7, ba ka biya komai ba.

10. Ranar mayar da mota, da bayanta

Ka je da sauran lokaci, ba ana kiran jirginka ba. Ka nemi su buga maka jerin wucewar Salik da Darb: kowace da ranarta, lokacinta da sunan ƙofar. Kamfani yana da wannan a kwamfutarsa, kada a ce maka babu. Ka duba abu uku: cewa babu wucewar da ta riga lokacin da ka karɓi mota, cewa farashin ya dace da agogo, da cewa ba a caje ka Al Safa ko Al Mamzar sau biyu a tafiya ɗaya ba.

A rubuta ainihin lokacin da ka mayar, a ba ka kwafin takardar rufe haya. Ka sake ɗaukar hoton agogon mota. Wucewar ranar ƙarshe mai yiwuwa ba ta fito ba tukuna, don haka ka tambayi ta wace hanya za su turo maka lissafin ƙarshe, ka ba su imel ɗin da kake buɗewa.

Gargaɗi: kada ka rufe katin ko ka kwashe kuɗin cikinsa da zarar ka sauka gida don kada su cire. Bashin dirhami talatin da aka kasa cirewa yana iya zama ƙara a kanka, kuma ba abin da kake so ka tarar ba ne ranar da ka sake neman biza ko ka sauka a filin jirgi.

Idan kwana 30 suka cika jingina ba ta dawo ba, ka rubuta wa kamfanin da lambar yarjejeniyarka. Idan suka yi shiru, ka kai ƙara sashen kare haƙƙin masu saye na hukumar tattalin arziki da yawon buɗe ido ta Dubai. Ana shigar da ƙorafin ta intanet daga ko'ina, kuma hotunan nan da takardar rufe haya su ne hujjarka.

Mai motarsa ya buɗe manhajar Salik kafin ya kama hanyar iyaka, ya tabbata babu bashi, babu tara. Idan ya ga tarar da bai yarda da ita ba, a cikin manhajar ake ƙalubalantarta, kuma yana da wata 13 daga ranar da aka ɗora ta. Sitikar kuma ya bar ta a gilashi, za ta yi masa aiki a zuwa na gaba muddin motar ce kuma lambar ba ta canza ba.